Ɗiyar Mutane

Ranar da aka karanta sakamakon Bak, jarrabawar ƙarshe ta sakandare, a Dogon Dutsi, tun hantsi na kasa zama. An ba ni kujera a gindin bishiyar bedi, na ɗora jakata a kai na ci gaba da zagaye kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Ni ce Madam Shamsiyya, ina koyar da ilimin halittu a lise, wato babbar sakandare, kuma ni aka ɗora wa aikin ba ƴan ajin ƙarshe shawara: wace jami'a, wane fanni, yaya za a tsara karatu a tsallake jarrabawa. Ba ni da ofis. Benci ne a gindin bedin nan, sai bakina, wanda malamai ƴan'uwana ke cewa ya fi lasifikar masallacin Juma'a.

Ga yadda abin yake. Shugaban masu jarrabawa yakan fara kiran waɗanda suka ci kai tsaye. Bayan su sai ya kira ƴan zagaye na biyu, wato waɗanda makinsu ya gaza kaɗan, a ba su dama su zaɓi darasi biyu su amsa tambaya da baki. Wanda bai zo ya zaɓa ba kafin hantsin washegari, an rubuta shi cikin waɗanda suka faɗi, ko da ɗan gwamna ne.

Ɗalibai da yawa nake jira in ji, amma kunnena yana kan suna ɗaya. Hure Mustafa Bafulatana ce daga wata ruga bayan Geceme, tana zaune wurin goggonta a cikin gari. Bara ta faɗi, ta maimaita aji, kuma lise na gwamnati ba ya barin mutum ya maimaita ajin ƙarshe sau biyu. In ta faɗi bana, shi ke nan. Ranar da ta fara zuwa bencina, sauran yara kowa yana cewa shi likita zai zama ko ma'aikacin duwan, wato kwastan, ita sai ta ce likitar dabbobi. Na ce don me? Ta ce wata shekara ciwon huhu ya shiga garkensu, mai allura bai iso ba sai da ungulaye suka ƙoshi. Tun daga nan muka zauna muka tsara komai: Yamai ko Maraɗi, gidan wa za ta sauka, darasin da za ta danne da wanda za ta lallaɓa. Shekara guda ina gina yarinyar nan.

Aka gama kiran ƴan farko, babu sunanta. Filin ya kaure da ihu. Ƴanmata na guɗa, samari na watsa wa juna hoda, masu babura na murza wuta kamar za su tashi sama. Cikin wannan hayaniyar mutumin ya ci gaba da kiran ƴan zagaye na biyu, sai da na kutsa har gaban teburinsa na kasa kunne. Can na ji: Hure Mustafa. Na ce Alhamdu lillahi da ƙarfi har wani soja mai gadi ya waiwayo.

Na juya in neme ta, babu ita. Na zagaya bayan azuzuwa, na leƙa wurin famfo, na kira wayarta na ji ta a kashe. Sai ga ƙawarta Amira, fari fat da hoda, tana dariya tana kuka.

"Ina Hure?"

"Madam, ta tahi tun ɗazu. Da anka gama na hwarko ta rungume ni, ta ce barka, sai nig ga idonta ya yi ja. Kin san su, ba su kuka gaban mutane."

"Ba ta tsaya ta ji na biyu ba?"

"Ta ce lissahi ya kashe ta, ko na biyun ba ta samu."

Na zagi lissafi, na zagi hoda, na zagi wanda ya ƙirƙiro babur. Na nufi gidan goggon tata da sauri har takalmina na fita. Tsohuwar ta ce ai ta ɗauki ƙunshinta ta yi tasha, motar Geceme ta samu. Ta ƙara da abin da ya ƙarasa tayar min da hankali: shuka ta yi girma, shanu ba su da wurin tsayawa tsakanin gonaki, gobe da asuba garken zai bi burtali ya yi arewa. Hure kuwa ta riga ta faɗa cewa in ta faɗi, ita za ta bi babanta ta riƙa yi musu tuwo. Wanda ya bi garke a damina, sai dai ka nemi labarinsa da kaka.

Ƙanena Zakari yana da shagon kayan waya a kasuwa, yana da babur sabo, yana da gemu da wando ɗangalalle da wa'azi a kan komai. Na same shi yana lallaɓa wani mai saye.

"Tashi ka kai ni Geceme."

"Yaya, Geceme? Kin ga hadarin da ke gabas kuwa?"

"Na gani. Ba ni nib biɗo shi ba. Tashi."

"Gaggawa aikin Shaiɗan ta, Yaya."

"Zaman banza kuma aikin wa na? Ɗauko makulli, in ba haka ba ni ka tuƙa shi, kuma ka san ban iya ba."

Ya san zan aikata. Ya rufe shago yana salati.

Har Kore Mai Ruwa kwalta ce, ba ni da ƙorafi sai na cewa ba ya gudu. Daga nan muka sauka jar hanya, ruwan jiya ya cika ramuka, babur na tsalle ina tsalle. Gero ya kai gwiwa hagu da dama, manoma na tura hauya ba mai ɗaga kai. A Tibiri Zakari ya tsaya ya ce sai an yi azahar. Na yi tawa na sallame na tsaya a kansa, shi kuwa ya zauna yana jan tasbihi da yatsu kamar wanda ba shi da wurin zuwa. Da ya tashi ya ce sallar tawa ta yi kama da kaza na cin tsaba. Na ce Allah ya san uzurina, shi ne bai sani ba.

Duk tsawon hanyar nan tunani ɗaya ke cina. In motarta ta riga mu da nisa fa? In garken bai jira asuba ba fa? Na sake kiran wayarta har sai da rezo, wato sabis ɗin waya, ya ɗauke gaba ɗaya.

A Geceme muka yi tambaya aka nuna mana wata ƴar hanya ta bayan gari. La'asar ta yi lokacin da muka hango rugar: bukkoki kaɗan a kan fako, maruƙa ɗaure a dangwali, yara ƙanana na wasa da ƙasa. Babu garke. Wata mace doguwa, siririya, tana tsugune tana wanke ƙore. Ban taɓa ganinta ba, amma wuyan da hancin na Hure ne sak. Wannan ita ce Sa'adatu, uwarta.

Ta tarbe mu yadda ya kamata. Ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa, ta tambayi gajiya, ta tambayi mutanen gida, ta tambayi damina. Ni kuwa gaisuwar nan ji nake kamar ana ja min igiya a wuya. Da ta kai ƙarshe na ce, "Inna, ni ce madam ɗin Hure, mai koya mata a lakwal. Ta iso nan?"

Matar nan ta sunkuyar da kai, ta ɗauki wata ƙwarya ta ci gaba da cuɗa ta da yashi.

Na ɗauka ba ta ji ba. Na ƙara murya. "Hure nike tambaya. Ba ta hwaɗi ba, Inna. An ba ta dama ta biyu, amma sai ta kasance Dogon Dutsi gobe da hantsi. Ina take?"

"Madam, sha ruwa," in ji ta.

Na yi bayani da sauƙi, na yi da tsawo. Na faɗa mata mene ne Bak, mene ne jami'a, na ce ɗiyarki za ta iya zama wadda za ta riƙa yi wa shanunku allura. Ko gezau. Ta juya min ƙeya ma, ta kife ƙwaryar a kan shinge ta ɗauko wata. Irin wannan shirun yana da wani abu da ke ɓata min rai tun ina yarinya, kuma a lokacin ban tsaya na tambayi kaina dalili ba. Zuciya ta ɗebe ni.

"Haba baiwar Allah! Mun baro Dogon Dutsi cikin rana da taɓo saboda ɗiyarki, ke ko sunanta ba ki iya buɗa baki ki hwaɗi? Ɓoye ta kunka yi? In ba ku son karatun, don mi kunka bar ta ta ɓata shekarunta? Wace irin uwa ta wagga, da ba ta damu ba ko ɗiyarta ta mutu ko ta yi rai?"

Yaran suka daina wasa. Hannun matar ya tsaya a cikin ƙwaryar, sannan ya ci gaba.

Zakari ya ga abin zai ɓaci, ya sa baki don a sauya magana. Hure takan aiko shi gyaran waya, ya san tana yawan ambaton wani yayanta. "Inna, ina Jibo? Ko shi muna iya gani?"

Nan take fuskar matar ta saki. "Jibo? Jibo shina wurin shanu. Ɗan wan maigidana na, mu munka riƙe shi tun uwatai ta rasu. Yaron kirki, sai dai rigima." Ta nuna yaran da ke wasa. "Wanga Salmanu, waccan Mardiyya, ƙaramin ga Zaidu, haƙori shike hiddawa, shi as sa shike kuka." Har maruƙan da ke dangwali sai da ta faɗa mana sunan uwar kowanne.

Ina zaune ina ji tana jera sunaye, kowa da komai a rugar nan yana da suna a bakinta sai mutum ɗaya. Jibo ba ɗanta ba ne. Ashe Hure ce ta fari.

Ni da kaina ɗiyar fari ce. Uwarmu, Allah ya jiƙanta, Zakari ba ya wuni ba ta kira sunansa ya fi a ƙirga ba, ni kuwa har ta koma ga Allah ban taɓa jin Shamsiyya a bakinta ba. "Ke waccan" nake. In baƙo ya tambaye ta labarina sai ta tashi ta shiga madafa. Na san al'adar sarai, cikinta na girma, kuma na tsane ta, shi ya sa tawa ɗiyar ta fari, Husna, nake ƙwala mata kira har maƙwabta su ji. Fulani kuwa sun fi mu riƙe wannan kunyar nesa ba kusa ba. Ga shi na zo har gidan mace na tsaya a kanta, gaban ƴaƴanta, ina tilasta mata abin da bakinta ba zai iya ba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na buɗe baki in ba da haƙuri, ban san ta inda zan fara ba. Ita ba ta jira ni ba. Ta shiga bukka ta fito da ƙwaryar nono rufe da faifai, ta aza a ka, ta leƙa wata bukkar ta yi magana da Fulatanci da wata tsohuwa.

"Ni za ni kai nono," ta ce, ba tare da ta dube ni ba.

Ta kama hanya. Ba hanyar Geceme ta bi ba, inda masu sayen nono suke. Daji ta nufa, wajen da hadari ya haɗu ya yi baƙi ƙirin. Na dubi Zakari, ya dube ni. Na tuɓe takalmina na riƙe a hannu na bi ta, na bar shi da babur.

Ban taɓa ganin mai ɗauke da ƙwarya yana sauri haka ba. Ba gudu take ba, amma ni gudu nake. Muka ratsa gefen gonaki, muka shiga burtali mai cike da sawun shanu da ɗanyen kashi, ƙaya ta soke ni ban tsaya ba. Muka iso wata korama, ruwa ja yana gudu har cinya. Ta tattare zane ta shiga. Da ta kai tsakiya sai ta tsaya, ta miƙo hannu baya ba tare da ta waiwayo ba. Na kama. Hannun yana da ƙarfi kamar na namiji.

Yayyafi ya fara lokacin da muka hau wani tudu, sai ga garken a bakin tabki, jajayen shanu masu dogayen ƙahoni, jakuna an fara ɗaura musu kaya. Hure na tsaye da sanda a kafaɗa, ta sauya kayan gari ta ɗaura zanen saƙi. Uwar ta wuce ta gabanta kamar ta wuce kututture. Ta je wurin wani dattijo mai malfa, mijinta Mustafa, ta sauke ƙwaryar, ta durƙusa tana gaishe shi, ƙeyarta na kallonmu.

"Madam!" in ji Hure. Sandar ta faɗi.

Na yi niyyar in rungume ta, amma bakina ya riga ni. "Ke wace irin sakarya ta? Wa ac ce maki a bar wurin sakamako ba a gama ba? An kira ki! Zagaye na biyu! Ɗauko ƙunshinki."

Na zaci za ta yi tsalle. Sai ta sunkuya ta ɗauki sandarta, ta tsaya tana tona ƙasa da ita.

"Madam, ki yi haƙuri. Ba ni komawa."

"Mi kinka ce?"

"Bara nih hwaɗi, bana nih hwaɗi. In na koma, in tsaya gaban wani mushe, malami baƙo, shina kallona ina in'ina, in koma hwaɗuwa, sau biyu ke nan cikin sati guda. Gara nan. Shanu ba su yi ma mutum dariya." Ta ci gaba da tona ƙasa. "Kuma na riga na ce ma Baffa ni ka yi masu tuwo. Babu wata mace cikin tahiyar."

Na yi faɗa, na yi lallashi, na tuna mata ungulayen da ta ba ni labari. Na juya wurin uban na gaishe shi a gurguje na roƙe shi ya sa baki. Ya shafa gemu ya ce, "Madam, mu ba mu san lakwal ba. Ita tas san abin da ta gani can. In ta ce ta gaji, ba ni kora ta." Ruwa na ƙaruwa, rana na shirin faɗuwa, ni kuma dabarata ta ƙare. Shekara guda ina magana a gindin bedi, yau ga ni a bakin tabki maganar ta ƙi ci. Na ji hawaye na neman zubo min don takaici.

Sai Sa'adatu ta yi magana. Da mijinta take, kuma da Hausa ta yi, ba da Fulatanci ba, da murya wadda ta isa kowa ya ji.

"Tuwon tahiyar ga, ni ka yin shi. Na bar yara wurin kakarsu. Ba a buƙatar kowa."

Mijin ya dube ta da mamaki. "Ke da ciwon ƙahwa?"

"Ƙahwata ta warke."

Ta tashi ta nufi jakunan, ta kama kwance wani ƙunshi daga cikin kayan, ƙunshin atamfa mai ruwan ɗorawa. Ta ajiye shi a kan wani dutse, ta ci gaba da gyara igiya kamar ba ita ta ajiye ba. A nan na lura tana ɗingishi, kuma da wannan ƙafar ta kawo ni.

Hure ta daɗe tana kallon ƙunshin. Sannan ta miƙa wa Jibo sandar, ta je ta ɗauka. Ta tsaya bayan uwar kamar za ta ce wani abu, uwar ta ci gaba da ɗaurin igiya. Haka suka rabu.

Mun kwana a Geceme gidan wata malama da muka yi makaranta tare. Da aka yi asuba muka hau babur mu uku, Zakari ya kafe sai dai ni in zauna tsakiya, na ce to, ustazu, in dai za ka yi gudu. Ya yi gudu kuwa, wannan karon ban yi ƙorafi ba. Mun shiga filin lise rana ta ɗaga, taɓo har gira, ana shirin tashi daga teburin zaɓe.

Aka ba Hure makinta ta duba. Ilimin halittu ta yi kyau ƙwarai, lissafi da fizik ne suka ja ta ƙasa. Ta ce ilimin halittu za ta zaɓa, shi ta iya, shi ba ya ba ta tsoro.

"A'a," na ce. "Ƙwaryar da ta cika, in kin ƙara mata nono ina shike zuwa?"

"Ƙasa."

"To. Nan kin riga kin cika, ko kin yi ƙoƙari abin da za ki ƙara kaɗan na. Inda kinka hwaɗi, can wuri yake. Lissahi da fizik, kuma su ad da nauyi wurin haɗa maki."

"Madam, lissahin da yak kashe ni?"

"Shi. Ba sani kinka rasa ba, firgita kinka yi. Na ga takardunki na aji shekara guda."

Ta zaɓe su. Daga nan na kai ta gidana, na kira malamin lissafi na ce in bai zo ba zan je in ɗauko shi da kaina. Muka sa ta gaban allo muna jefa mata tambaya, in ta sunkuyar da kai in buga tebur in ce ɗago, mushen ba surukinki ba ne. Ta yi kuka sau ɗaya, a bayan ɗaki, na yi kamar ban sani ba. Ranar da ta shiga amsa tambayoyin ni na fi ta zufa. Ta fito ta ce ba ta san ko ta yi ba ko ba ta yi ba, na ce wannan amsar banza ce, na sake komawa zagaye.

Sakamakon zagaye na biyu ya faɗo ranar kasuwa. Mutane ba su kai na farko yawa ba, babu masu hoda sosai, kowa ya yi tsuru-tsuru. Na kasa tsayawa kusa da teburin, na fita bakin ƙofa inda masu talla ke zama. Cikin masu ƙosai da masu gyaɗa sai na ga wata doguwar mace zaune da ƙwaryar nono, ta jingina da katangar lise, ta ba ƙofar baya. Ƙafarta ɗaya naɗe da tsumma.

Na tsuguna. "Inna! Yaushe?"

"Garken na bayan dutsi, nan burtalin ya biyo. Na kawo nono." Ba ta dube ni ba. Kasuwa tana can wani gefen gari, kuma ni da ita duk mun san haka.

"Inna, maganar da nig gaya maki rannan…"

"Madam, rana ta yi zahi. Sha nono."

Ta miƙo min ludayi. Ina kai shi baki lasifikar ta yi ƙara, mutumin ya fara kira. Na ƙame da ludayin a hannu. Suna na ɗaya, na biyu, wani ya yi ihu a ciki. Ita tana ta gyara faifai a kan ƙwarya, ta ɗaga ta mayar, ta ɗaga ta mayar. Aka yi ta kira har na fara cewa a raina shi ke nan, na kashe yarinyar mutane da lissafi. Sai muryar ta fito tar ta saman katanga: Hure Mustafa.

Na zubar da nonon a zanena. Na yi guɗa, ni da ban iya guɗa ba, har mai ƙosai ta toshe kunne. Daga ciki na jiyo muryar Amira tana ihu. Na juyo in kama Sa'adatu in girgiza ta, na tarar ba ta motsa ba. Idonta na kan ƙwarya, faifan na hannunta.

"Madam," ta ce a hankali, "ɗiyam mutane… ta samu?"

"Ta samu, Inna. Ta ci. Jami'a za ta."

Ta gyaɗa kai. Sannan ta matso kaɗan, ta rage murya yadda masu tallan ba za su ji ba.

"Mutumin can na ciki. Abin da yah hwaɗi. Koma hwaɗa mani."

"Cewa ta ci?"

"A'a. Yadda yak kira."

Sai na gane. Na matsa bakina kusa da kunnenta na faɗa mata sunan, a hankali, gaba ɗayansa. Ta rufe ido tana saurare. Ni kuwa uwata ce ta faɗo min a rai, da duk lokutan da takan tashi ta shiga madafa in an ambace ni, na yi ta tunanin me take yi a can ita kaɗai. Kuka ya ƙwace min a bakin ƙofar lise, gaban ɗalibaina, ban damu ba.

Hayaniya ta nufo ƙofa, Hure ce ƙawayenta suka ɗauko. Sa'adatu ta rufe ƙwaryarta, ta aza a ka, ta miƙe da ƙyar. Kafin su fito ta riga ta tsallaka titi, tana ɗingishi, ta nufi bayan dutsi.